Wa ke ba ciki umarni? Jeffrey Friedman da tambayar yunwa da ƙiba

A shekarar 1949, a cibiyar bincike ta Jackson da ke garin Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka, inda ake kiwon ɓeraye domin gwaje-gwajen kimiyya, ma'aikata suka lura da wasu 'yan ɓeraye da suka fita daban a cikin danginsu. Ciki ɗaya suka fito da sauran, abinci ɗaya ake zuba musu, amma su bakinsu ba ya hutawa. Suna ci suna kumbura, har idan suka girma nauyinsu kan kai ninki uku na ɗan'uwansu. Ba su da kuzari, ba sa jure sanyi, kuma ba sa haihuwa. Da aka bi diddigi sai aka gane gado ne: ƙwayar gado guda ɗaya ce ta samu tangarɗa, kuma sai ɗa ya gaji lalatacciyar daga uwa da uba gaba ɗaya sannan abin ke bayyana, kamar dai yadda ciwon sikila yake a wajen mutane. Aka raɗa wa wannan ƙwayar gado suna "ob", aka wallafa labarin a 1950. Amma mece ce ita, kuma wane aiki take yi a jikin ɓera mai lafiya? Sai da aka shekara 45 kafin a samu amsa, kuma mutumin da sunansa ya fi fita a kan amsar, Jeffrey Friedman, ba a ma haife shi ba a lokacin.

Tambayar da waɗannan ɓeraye suka tayar ta shafi kowa. Babban mutum yakan ci abin da ya kusa kalori miliyan ɗaya a shekara. Wata rana biki, wata rana azumi, wata rana zazzaɓi ya hana shi ko kurɓar kunu. Ba ya awo, ba ya lissafi. Duk da haka, idan ya hau sikeli bana, yawanci abin da zai gani bai yi nisa da na bara ba. Dole akwai mai riƙe da littafin lissafin a wani wuri a cikin jiki. Tun a 1940 masu bincike a Amurka suka nuna cewa idan aka lalata wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas, dabba takan ci ba ƙaƙƙautawa har ta yi mummunar ƙiba. A 1953 kuma wani likita ɗan Birtaniya, Gordon Kennedy, ya kawo hasashen cewa kitsen jiki da kansa yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo game da yawansa. Hasashe ne mai ma'ana, sai dai babu wanda ya taɓa kama ɗan saƙon.

Wanda ya fara jin motsinsa shi ne Douglas Coleman, ɗan asalin Kanada da ya kama aiki a cibiyar Jackson a 1958. A 1966 aka sake samun wani nau'in ɓera mai ƙiba a can, wanda shi ciwon suga ya fi yi masa tsanani, aka kira shi "db". A ido kusan ba ka bambance shi da ob, amma ƙwayar gadon da ta lalace daban ce. Coleman ya yi amfani da wata tsohuwar dabara mai wuyar kallo: a ɗinke ɓeraye biyu gefe da gefe, har ƙananan hanyoyin jininsu su haɗe, abin da ke yawo a jinin wannan ya riƙa tsallakawa zuwa na wancan. Da ya haɗa db da ɓera mai lafiya, ya yi zaton mai lafiyar zai taimaki marar lafiya. Sai abin ya juye. Shi db ya ci gaba da cinsa, mai lafiyar kuwa ya daina kusantar abinci, ya rame, ya mutu da yunwa alhali ga abinci a gabansa. Da ya haɗa ob da mai lafiya, sai ob ya rage ci. Da ya haɗa ob da db, sai ob ɗin nan da ba ya ƙoshi ya ƙaurace wa abinci shi ma har ya ƙanjame.

Coleman ya wallafa waɗannan sakamako a 1969 da 1973, ya kuma fassara su da fassarar da har yau take burge ni saboda sauƙinta. Akwai wani sinadari a jini da ke ce wa ƙwaƙwalwa "ya isa". Ɓera ob ba ya iya yin sa, amma yana jin sa idan an ba shi. Ɓera db kuwa yana yin sa har ya yi yawa, amma kurma ne, ba ya ji. Shi ya sa duk wanda aka haɗa da shi yake shan ambaliyar saƙon har ya daina ci. Ɗaya ba shi da mai kira, ɗaya ba shi da kunne. Masana da yawa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. A wancan zamani ƙiba matsalar ɗabi'a ce a idon likitoci da sauran jama'a, kuma Coleman bai iya fitar da sinadarin ya nuna ba. Ya yi ritaya a 1991 ba tare da ya gan shi ba.

Shi Friedman an haife shi a 1954 a Orlando da ke jihar Florida, ya tashi a yankin New York. Likita ya karanta, ya gama a kwalejin likitanci ta Albany a 1977 yana ɗan shekara 22. Ba da niyyar zama mai bincike ya taso ba. A 1980 ya je Jami'ar Rockefeller da ke birnin New York, ya fara aiki a ɗakin gwajin Mary Jeanne Kreek, wadda ke nazarin yadda miyagun ƙwayoyi ke kama ƙwaƙwalwa, kuma a nan ne tunanin cewa sinadari zai iya juya halin ɗan Adam ya shiga ransa. Ya yi digirinsa na uku a ƙarƙashin James Darnell, ya gama a 1986, ya buɗe nasa ɗakin gwajin a wannan jami'a. Da farko ya zargi wani sinadarin hanji da aka san yana rage ci, amma da aka duba sai aka ga mazauninsa a jerin kayan gado daban yake da na ob da na db. Ya bar wannan, ya ɗaura ɗamarar nemo ob kanta.

Ya kamata mai karatu na yau ya san girman wannan kasada. Yanzu na'ura na karanta kayan gadon mutum gaba ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu. A 1986 babu taswira. Ta ɓera ba ta fito ba sai 2002, ta mutum kuma 2003. Abin da aka sani kawai shi ne ob tana kan kuromosom na 6 na ɓera. Kamar a ce maka ka nemo wani gida a cikin birnin Kano, ba a faɗa maka unguwa ba, ba sunan mai gidan, sai dai an ce yana gabas da Dala. Dabarar ita ce a yi ta haɗa ɓeraye aure, a binciki 'ya'yansu fiye da dubu, a ga waɗanne alamomi ne a jikin DNA suke tafiya tare da ƙibar daga iyaye zuwa 'ya'ya. Alamar da ba ta rabuwa da ƙibar, maƙwabciyar ob ce. Haka aka yi ta matse da'irar, unguwa zuwa layi, layi zuwa ƙofar gida, har shekara takwas. Matashin malami da bai tabbata a kujerarsa ba, ya zuba ƙuruciyarsa a aikin da zai iya ƙarewa ba komai, ko wani ya riga shi.

A watan Mayun 1994, da asubahin wata Lahadi, ya wanke hoton wani gwaji ya ga abin da yake nema. Ƙwayar gadon tana aiki a cikin kitse ne kaɗai. A wani nau'in ɓera ob ta yi shiru gaba ɗaya. A nau'in asali na 1949 kuwa tana aiki fiye da kima, kusan ninki ashirin, amma abin da take fitarwa guntu ne marar amfani, saboda harafi ɗaya da ya sauya ya katse saƙon a tsakiya. Wato kitsen yana ta ƙwala kira, muryar ce ba ta fita. An wallafa aikin a mujallar Nature a watan Disambar 1994, da sunan Yiying Zhang a farkon marubuta, kuma suka nuna cewa mutum ma yana da irin wannan ƙwayar gado. Friedman ya raɗa wa sinadarin suna leftin, daga kalmar Girkanci "leptos" mai nufin siriri.

Akwai wani tabo a labarin da bai kamata a tsallake ba. Rudolph Leibel, likitan yara da ke Rockefeller a lokacin, ya yi shekaru yana wannan farauta tare da Friedman, sun wallafa ayyukan share fage tare, amma sunansa bai fito cikin marubutan takardar 1994 ba. 'Yar jarida Ellen Ruppel Shell ta ba da labarin wannan saɓani a littafinta na 2002, kuma har yau akwai masanan da ke ganin ba a yi wa Leibel adalci ba. Manyan lambobin yabo sun tafi ga Friedman da Coleman: na Shaw a 2009, na Lasker a 2010, da na Sarki Faisal na Saudiyya a 2013. Sun cancanta. Amma gini irin wannan hannu da yawa ne ke ɗora shi, kuma masu raba lambobi sun fi son suna ɗaya ko biyu.

Shekarar 1995 ta zo da murna. Ƙungiyoyi uku, ciki har da ta Friedman, suka yi wa ɓeraye allurar leftin. Ɓera ob ya zubar da kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa a mako biyu. Ɓera db ko gezau, daidai yadda Coleman ya faɗa shekara ashirin da 'yan kai kafin nan. A ƙarshen shekarar Louis Tartaglia da abokan aikinsa suka gano "kunnen" da ke karɓar saƙon, kuma a 1996 aka tabbatar shi ne ya lalace a jikin db. Hoton ɓeraye biyu, mai ƙiba da wanda ya sha allura, ya zagaye jaridun duniya. Kamfanin Amgen ya biya Jami'ar Rockefeller dala miliyan 20 a matsayin kafin alƙalami don samun izinin mayar da leftin magani. Kowa ya ɗauka an gama da ƙiba.

Murna ta koma ciki da wuri. Da aka auna jinin mutane masu ƙiba, sai aka tarar leftin ɗinsu ya ninka na sirara kusan sau huɗu. Ba rashin sa ke damun su ba. Yana nan jingim, ƙwaƙwalwa ce ba ta amsawa yadda ya kamata. Mafi yawanmu, idan muka yi ƙiba, mun fi kama da db. Gwajin da aka wallafa a 1999 ya tabbatar da haka: an yi wa mutane allura mai yawa kullum, wasu suka ɗan ragu, da yawa ba su ga wani canji na a zo a gani ba. Maganin da aka sa wa rai ya faɗi.

A ganina wannan faɗuwa ita ce ta fi koyar da mu, domin ta tilasta wa masana su sake tambayar aikin leftin na asali. Amsar ta fara fitowa a 1996 daga ɗakin gwajin Jeffrey Flier a Boston, a wani aiki da Rexford Ahima, likita ɗan asalin Ghana, ya jagoranci rubutawa. Sun hana ɓeraye abinci na kwana biyu. Leftin ya faɗi warwas, kuma tare da faɗuwarsa jiki ya shiga tsimi: sinadaran maƙoshi masu hura wutar jiki suka ragu, na haihuwa suka ja baya, na tashin hankali suka hau. Da aka mayar musu da leftin alhali ba su ci komai ba, sai yawancin waɗannan sauye-sauye suka lafa. Ashe babban saƙon leftin yana cikin raguwarsa ne. Kamar mai gadin rumbu yake: idan hatsi ya yi ƙasa zai tashi gida duka da ihu, a rage tuwo, a ɗage biki, a fita nema. Idan rumbu ya cika ya tumbatsa kuwa, muryarsa ba ta da ƙarfi sosai, don a tsawon tarihin ɗan Adam yunwa ce ke kisa da gaggawa. Da wannan aka fahimci ɓeran 1949. Yana fama da kitse ninki-ninki, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta samun labari. A wajenta fari ake yi. Shi ya sa yake ci kamar mayunwaci, yake jin sanyi, ya kasa haihuwa. Sunan da Friedman ya zaɓa ma ya ɗan karkatar da hankali, don sinadarin ya fi kusa da mai tsaron rai daga yunwa fiye da mai sirantarwa.

Wannan fahimta ta bayyana abin da duk mai ƙoƙarin rage ƙiba ya sani a jikinsa. A wani aiki da aka wallafa a 1995, Leibel da Michael Rosenbaum da Jules Hirsch sun kwantar da mutane a asibitin Rockefeller, suka auna duk abin da ke shiga cikinsu, suka rage musu kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu. Sai jikinsu ya koma ƙona abinci ƙasa da yadda ya dace da sabon girmansu, da ratar kalori ɗari uku zuwa huɗu a rana. Mai ƙiba da siriri duk haka jikinsu ya yi. Wani bincike a Melbourne ta Ostareliya a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan rage nauyi, sinadaran yunwa suna nan a sama, na ƙoshi suna ƙasa. Mutum ya sauke kilo goma, yana murna, amma jikinsa ya ɗauki abin a matsayin asara da dole a mayar. Bahaushe ya ce yunwa a ba ki a huta, kuma ya faɗi gaskiya: ana iya danne ta na wata ɗaya ko shida, kamar yadda ake riƙe numfashi na ɗan lokaci, amma ita ba ta gajiya.

Hujjar da ta fi taɓa zuciya daga Ingila ta zo. A 1997, a Cambridge, Stephen O'Rahilly da wata matashiyar likita, Sadaf Farooqi, suka binciki wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, asalinsu daga Pakistan, iyayensu auren zumunci suka yi. Yarinyar tana da shekara 8, nauyinta kilo 86. Yaron yana da shekara 2, nauyinsa kilo 29. Tun suna jarirai ba sa ƙoshi, kullum kuka suke a ba su abinci. Da aka auna jininsu, leftin kusan babu. Su ne mutane na farko da aka samu masu irin lalurar ɓera ob. Aka fara yi wa yarinyar allura kullum tana da shekara 9, ta haura kilo 94 a lokacin. Cikin shekara ɗaya ta sauke kilo 16, kusan duka kitse, kuma abin da ya fara canzawa shi ne halinta a gaban kwano: ta koma tana ci ta ture saura kamar kowane yaro.

Ina yawan tunanin iyayen waɗannan yara kafin a gano dalilin. Ba sai an faɗa ba, duk wanda ya ga yarinya 'yar shekara takwas da wannan jiki uwar zai kalla. Za a ce ta sangarta ta, ba ta iya tarbiyya ba, ko a ce yarinyar haɗamammiya ce, kwaɗayi mabuɗin wahala. Alhali abin da ke faruwa shi ne yarinyar tana jin irin yunwar wanda ya kwana uku bai ci ba, kowace rana ta rayuwarta. Babu wa'azin da zai cike gurbin sinadarin da jikinta ba ya yi. Irin wannan lalura ba ta da yawa ko kaɗan, 'yan tsiraru ne a duniya. Amma ta buɗe ƙofa. Daga 1998 aka fara gano tangarɗa a wata ƙwayar gado mai suna MC4R, wadda ke kan hanyar da saƙon leftin ke bi a cikin ƙwaƙwalwa, kuma a binciken Cambridge na 2003 an same ta a kusan kashi 6 cikin ɗari na yara 500 masu matsananciyar ƙiba tun ƙuruciya. Abin lura shi ne kusan duk ƙwayoyin gadon da aka gano suna haddasa irin wannan ƙiba, a ƙwaƙwalwa suke aiki, kan yunwa da ƙoshi.

Leftin ya samu gurbinsa na magani a wani wuri da ba a zata ba: wajen masu wata lalura da ke hana jiki tara kitse kwata-kwata. Da yake ba su da kitse, ba su da leftin, sai yunwa ta addabe su, maiƙo ya taru a hanta da jini, ciwon suga mai tsanani ya kama su. A 2002 likitoci a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka suka nuna allurar leftin na gyara musu wannan sosai, kuma a watan Fabrairun 2014 hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da ita. Coleman ya rasu wata biyu bayan nan. A wannan shekarar ce kuma wani bincike a asibitin Mulago da ke Kampala ta Yuganda ya gano cewa a cikin yara masu tamowa mai tsanani, waɗanda leftin ɗinsu ya fi ƙasa lokacin da aka kwantar da su sun fi shiga haɗarin mutuwa. Ga mu da muke ganin tamowa a asibitocin Katsina da Maraɗi duk damina, wannan gefen labarin ya fi kusa da mu fiye da hoton ɓeran da ya rame.

Daga nan Friedman ya zama mai jan hankalin jama'a, ba ma'aikacin ɗakin gwaji kaɗai ba. A wata maƙala da ya rubuta a mujallar Science a 2003 ya yi kira da a yaƙi ƙiba, a daina yaƙar masu ƙiba. Hujjarsa ba ta tsaya kan leftin ba. Albert Stunkard ya bi mutum 540 da aka ɗauka riƙo tun suna jarirai a Denmark, ya wallafa a 1986 cewa jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka raine su suka ciyar da su ba. A 1990 binciken tagwayen Suwidin da aka raba tun suna ƙanana ya nuna gado na da hannu a kusan kashi 70 cikin ɗari na bambancin nauyi tsakanin mutane. A shekarar dai, a Kanada, Claude Bouchard ya wallafa gwajin da ya ɗura wa tagwaye maza, biyu-biyu har 12, ƙarin kalori dubu a rana, kwana shida a mako, na tsawon kwana ɗari. Wani ya ƙaru da kilo 4, wani da kilo 13, a kan ƙari iri ɗaya, kuma kowane ɗan tagwaye ya yi kusa da ɗan'uwansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To amma a nan ne nake ganin dole a ja wa masu wannan ra'ayi birki kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum fiye da biliyan ɗaya ke fama da ƙiba, ɗaya cikin takwas na mutanen duniya, kuma yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Ƙwayoyin gado ba sa canzawa cikin shekara talatin. Abin da ya canza shi ne abin da ke kan faranti da yadda ake wuni. Kevin Hall ya gwada wannan a Amurka, ya wallafa a 2019: mutum 20, mako biyu kan abincin masana'anta, mako biyu kan abincin da aka dafa daga kayan gona, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana ba tare da sun yi niyya ba. Friedman yakan amsa da cewa matsakaicin ƙarin nauyin jama'a bai kai yadda ake zuzutawa ba, kuma waɗanda gado ya riga ya tanada ne ke kwashe kaso mafi tsoka. Akwai gaskiya a ciki. Gado ne ke tantance wanda ruwa zai fara ci, amma ambaliyar daga waje ta zo, kuma wanda ya mayar da hankali kan gado kaɗai zai iya sauke wa masu sayar da lemon kwalba da masu tsara birane nauyin da ke kansu. Abubuwan biyu ba sa karo da juna. Bakano da kakansa ya wuni a gona kan dawo da tuwon dawa, shi kuma yana wuni a shago kan lemo da taliyar leda, kayan gadonsu ɗaya ne, duniyarsu ce daban.

Mu a nan matsalar fuska biyu gare ta. Har yanzu teɓa alamar hutu ce a wajen mutane da yawa, a ce wane kuɗi sun zauna. Amarya takan nemi ta ciko kafin biki, har wasu su faɗa wa ƙwayoyin sha-ka-fashe, waɗanda ke iya jawo hawan jini da ciwon suga. A gefe guda kuma, yaron da ya fi sa'o'insa jiki ba ya rabuwa da tsokana a makaranta, a kira shi lukuti, a yi masa dariya a filin wasa. Duka biyun sun ginu kan zato ɗaya, cewa jiki abu ne da mai shi ke juyawa yadda ya ga dama. Aikin Coleman da Friedman da mutanen Cambridge ya rushe wannan zato, kuma ina ganin likitan da ya fahimci haka ba zai sallami mai ƙiba da "je ka rage ci" kawai ba, kamar yadda ba ya ce wa mai hawan jini "je ka kwantar da hankalinka" ya tsaya nan.

Maganin da aka yi ta jira ya zo daga baya, ta wata ƙofa. GLP-1 sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci. Svetlana Mojsov, wadda ita ma a Rockefeller take yanzu, da Joel Habener da Jens Juul Holst na cikin waɗanda suka gano shi a shekarun 1980, Lotte Bjerre Knudsen kuma ta jagoranci mayar da shi allura mai daɗewa a jiki a kamfanin Novo Nordisk na Denmark. A gwajin da aka wallafa a 2021, masu shan allurar semaglutide sau ɗaya a mako sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Ita ce ake sayarwa da sunan Wegovy da Ozempic. Ba leftin ba ce, amma a ƙwaƙwalwa take aiki, tana rage yunwa, kuma taswirar hanyoyin da leftin ya haska ta taimaka wajen fahimtar yadda take yi. Ta kuma tabbatar da darasin mai gadin rumbu: waɗanda suka daina allurar sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke a cikin shekara guda. Ga tsada, wadda ta sa mafi yawan masu buƙatarta a Afirka sai dai su ji labari.

Friedman ya haura shekara saba'in, yana nan a Rockefeller inda ya shiga a 1980, kuma bai bar tambayar da ta kayar da maganinsa ba: me ya sa ƙwaƙwalwar mai ƙiba ke toshe kunne ga leftin? A 2025 ɗakin gwajinsa ya wallafa cewa a jikin ɓerayen da aka ƙibantar da abinci mai maiƙo, wani makunni da ke cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu karɓar saƙon, ana kiransa mTOR, yana kunnuwa fiye da kima. Da aka ba su rapamycin, maganin da ke danne wannan makunni, sai suka dawo suna jin leftin, suka rage ci, kitsensu ya sauka. Rapamycin magani ne da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don ya rage ƙarfin garkuwar jiki, yana kuma iya dagula sukarin jini, saboda haka ba abin da za a miƙa wa mai neman rage ƙiba ba ne. Aikin a kan ɓeraye aka yi shi, kuma abin da suke nema yanzu shi ne hanyar taɓa wannan makunni a cikin ƙwaƙwalwa kaɗai, ba tare da an taɓa sauran jiki ba.